Cikin fari ne, tsoron naƙuda nake, kuma Inna tace a gida zan haihu

Wata ƙanwata ce ta turo min tambaya tace in sakaya sunanta. Ga abinda tace: "Anti cikin fari gareni ya shiga wata takwas, an kawoni gida goyon ciki. Wallahi tsoron naƙuda har bacci yake hanani. Innarmu tace ita 'ya'yanta tara duk a ɗaki ta haifesu don haka nima a gida zan haihu, uwar mijina kuma har ta aiko da itace da kanwa na jego. A wajen awo kuma ance kar a ba jariri ruwa sai yayi wata shida, gashi cikin zafi zan haihu. Na rasa maganar wa zan bi."

Toh ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ni ungozoma ce ta asibiti, shekarata 19 a ɗakin haihuwa, kuma nima haihuwata ta fari a hannun uwata da kakata nayi jego, da takardar aikin jinyar tawa da komai sai da aka ɗura min kunun kanwa, saboda haka abinda kike faɗa ba labari nake ji ba.

Bari in fara da Inna. Don Allah karki je kice mata malaman asibiti sunce al'adarku jahilci ce, in kika yi haka kin ɓata rawarki da tsalle, daga ranar duk abinda kika faɗa baza ta ƙara saurare ba. Gaskiya ta faɗa, ta haifi tara a ɗaki Allah ya tsare ta. Amma wata rana kuna hira ki tambayeta a hankali, cikin sa'anninta da aka yi musu aure tare su nawa ne suka tafi akan gwiwa, su nawa ne aka dawo dasu gida fitsari baya tsaya musu. Zaki ga tayi shiru ta fara lissafo miki sunaye. Su waɗancan basa nan balle su bada nasu labarin, shi yasa kullum labarin waɗanda suka sha kawai muke ji.

Abinda yasa muke matsawa akan haihuwar fari shine ƙugunki ba'a taɓa gwada shi ba. Wadda ta haifi uku huɗu mun san hanya ta taɓa buɗewa, ke kuwa ba wanda ya sani sai ranar. In kan yaro ya fi ƙarfin ƙugu, ko ya zo a karkace, sai ya zo ya toshe, mahaifa tana turowa ƙashi yana tarewa, naman da ke tsakanin kan yaron da ƙashin, wato mafitsara da gaban mace, ya matse jini ya daina zuwa masa, bayan 'yan kwanaki wajen ya ruɓe ya huje. Yoyon fitsari kenan, ba aljanu bane ba kuma hannun kishiya ba. Wanda ya taɓa leƙa Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan Dakta Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana ɗinke mata, ko sashen masu yoyon fitsari na asibitin Murtala a Kano, zai ga yawancinsu yara ne 'yan haihuwar fari da suka kwana biyu uku suna naƙuda a ɗaki, kuma mafi yawa ɗan ma bai zo da rai ba.

Kuma abinda yake kashe mu a nan kunya ce. An koya mana cewa 'yar fari bata nuna tana naƙuda, bata kuka, bata ɗaga murya. Bazan manta wata yarinya ba da aka kawo mana da asuba a bayan a-kori-kura, shekarunta basu fi 17 ba. Tun daren shekaranjiya ciwo ya kamata, ta shige ɗaki ta ja bargo, duk wanda ya leƙo sai tace kanta ke ciwo. Da na ɗaga zaninta leɓenta na ƙasa duk ya fashe saboda cizo, tafin hannunta shatin farce ne ya zauna, ko uhum bata ce ba har muka shiga da ita tiyata. Kakarta tana waje tana faɗa wa mutane da alfahari wai jikarta jaruma ce. Ita ta tashi, yaron bai tashi ba. Don haka ki ajiye kunyar nan a gefe na kwana ɗaya, in ciwo ya fara ki faɗa, in bazaki iya faɗa wa Inna baki da baki ba ki samu yayarki ko ƙanwar Inna wadda kuke wasa da ita, tun yanzu ku shirya cewa ita zaki fara taɓawa.

Maganar inda zaki haihu kuwa ba ranar naƙuda ake yanke ta ba, yanzu ake yi, kuma ba ke zaki yi ta ba, maigidanki ne. Ki kira shi ki masa bayani, shi ya zo ya durƙusa gaban Inna yace Inna na roƙi arziki a kaita asibiti tunda ta fari ce, kuɗin yana wajena. Suruki in ya roƙa da ladabi da wuya a ƙi. Ya kuma bar izini a bayyane, cewa ko baya gari ko wayarsa bata shiga a wuce dake, don na sha ganin mace tana zubar da jini mutanen gida suna zaune wai ana jiran miji ya ɗaga waya. A samu lambar mai mota ko mai adaidaita na unguwa wanda zai tashi ko ƙarfe biyun dare ne, a ware kuɗi daban da na ragon suna, a san mutum biyu da zasu iya bada jini in ta kama. Ki duba katin awonki ki ga rukunin jininki, in an rubuta negatif ne ki tuna musu, akwai allurar da ake yi miki cikin awa 72 bayan haihuwa in jinin yaron fozitif ne, saboda kare cikin da zai biyo baya. 'Yan fari da yawa basu san wannan ba sai sun fara ɓari ko 'ya'ya suna zuwa da ciwon shawara mai tsanani sannan a gano.

Sauran awon da ya rage miki kar ki yi wasa dashi. A da sau 4 ake cewa, daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar dashi sau 8, kuma yawancinsu a ƙarshen ciki suke saboda a lokacin ne hawan jini yake sanɗo. In awon jininki ya kai 140 bisa 90, ko kina ciwon kai mai tsanani da baya jin farasitamol, ko kina ganin wuta-wuta ko dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura har zobe ya ƙi fita, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ki tafi a ranar, wannan hanyar jijjiga ce kuma 'yan fari ta fi kamawa. Jijjiga ba iska bace, hayaƙi da turare basa tsayar da ita, allura gareta. Ki ci gaba da shan maganin ƙarin jininki ko da yana sa miki baƙin bayan gida, ki tabbatar an miki allurar tetanus biyu, ki kwana cikin gidan sauro. Shi kuma maganin zaƙi da ake jiƙa wa masu ciki, ni dai ban taɓa ganin zaƙin da ya tare ɗa ba, ruwan da kike gani yana ɗan fita a ƙarshen ciki ba wani abu bane da sai an wanke, kuma jiƙe-jiƙen nan wasu gudawa suke sawa ki shiga naƙuda a galabaice.

Yanzu yadda zaki gane ta gaske. A watan ƙarshe ciki zai dinga ƙullewa yayi tauri ya saki, ba tsari, in kin kwanta ko kin sha ruwa ya lafa, wannan gwaji ne kawai. Ta gaske daga baya take tasowa ta zagayo mara, tana zuwa tana tafiya akan lokaci, kuma kullum ƙara matsowa take tana ƙara ƙarfi, ko kin canza kwanciya bata fasawa. Zaki iya ganin wata majina mai yauƙi da ɗan jini-jini, ba komai, bakin mahaifa ne ya fara laushi. Ki riƙe waya ki duba agogo, in ciwon yana zuwa duk bayan minti biyar yana ɗaukar kusan minti guda, kuma an yi awa ɗaya a haka, ku kama hanya. In garinku da nisa ko hanyar bata da kyau kar ki jira ya kai haka. Amma in faya ta fashe, ko da ba ciwo, tafiya ta kama, ki sa ƙyalle mai tsabta ki lura da kalar ruwan, in kore ne ko ruwan ƙasa-ƙasa yaro yayi kashi a ciki, ki faɗa musu tun daga bakin ƙofa. Haka in jini ne sosai yake zuba, ko kika ji motsin yaro ya ragu.

Zafi kam akwai, bazan miki ƙarya ba. Amma ba irin zafin da kike zato bane mai zuwa ya zauna, yana zuwa ne ya wuce ya baki hutu, kuma a cikin hutun nan har gyangyaɗi wasu suke yi. Bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10 kafin ɗa ya fito, kuma farkon buɗewar shine mai jan rai, 'yar fari tana iya wuni ko kwana tana fama kafin ta kai 5, daga nan kuma yawanci baya wuce awa 12. Saboda haka in an duba ki ance "saura, je ki zagaya" ba wulaƙanci bane. Ki zagaya ɗin, ki riƙe ƙarfen gado ki murza ƙugu, ki sha ruwa ko shayi, ki ci abu mara nauyi, ki dinga yin fitsari akai-akai don cikakkiyar mafitsara tana tare kan yaro. In ciwon ya taso ki ja numfashi ta hanci ki fesar ta baki a hankali, kiyi addu'arki. Abu ɗaya da nake roƙonki, kar kiyi nishi kafin ungozomar asibiti tace kiyi. Tsofaffi suna son cewa "yi nishi, yi nishi" tun ciwo na farko, bakin mahaifar da bai gama buɗewa ba in ana danna shi kumbura yake yi ko ya yage, ke kuma ƙarfinki ya ƙare kafin a zo inda ake buƙatarsa. Lokacin nishi in ya zo ba sai an faɗa miki ba ma, ji zaki yi kamar kashi ya matso ki ba yadda zaki yi, kuma in kashin ya fito ba abin kunya bane, kullum muna gani, gogewa muke mu ci gaba.

Sannan duk wanda ya zo gida da jaka yace zai miki allurar naƙuda ko ya sa miki ƙwaya don abu yayi sauri, ko mai kemis ne ko wata ce mai farin kaya, ki ƙi. Maganin nan mu kanmu a cikin ruwa muke sa shi muna ƙirga ɗigo muna sauraron zuciyar yaro, in aka banka shi barkatai mahaifa fashewa take.

Ƙari, wato ɗan yankan da ake yi a gaba don faɗaɗa hanyar ɗa, ba kowace 'yar fari ake yi wa ba, an daina wannan, sai in an ga dole, kuma ana kashe wajen kafin a ɗinke, in ba'a kashe ba kina da bakin cewa a kashe. In kuma likita yace sai anyi aiki, kar a tsaya ana kiran dangi ana shawara har awa uku. Wadda aka yi wa tiyata ba raguwa bace, haihuwa tayi, kuma da yawa suna haihuwa da kansu a na gaba in dalilin farko bai dawo ba.

Nasan kuma abinda yake korar mata daga asibiti, halin wasunmu ne. Akwai masu tsawa, akwai masu baƙar magana ga yarinyar da take cikin ciwo, ni kaina na sha faɗa da abokan aiki akan haka kuma ba zan kare su ba. Ki tafi da babbar mace mai baki wadda zata tsaya miki, amma kar tsawar wata ta sa ki zauna inda in jini ya ɓalle ba mai tsayar dashi. Domin jinin nan shine babban abin tsoro bayan ɗa ya faɗo. Da ya fito ake miki allura a cinya don mahaifa ta tsuke, a fitar da mabiyiya a duba ta cika. Zubar da ta kai rabin lita mu a wajenmu ta wuce ƙa'ida, kuma mace tana iya tafiya cikin awa biyu in ba'a tare ba. Maganar a bari "mugun jini" ya fita babu ita, duk jininki ne. Ki shafa mararki, ya kamata kiji mahaifa tayi tauri kamar ƙwallo a ƙasan cibiya, in kika ji ta yi laushi ko kina jiƙa audugar mata fiye da ɗaya cikin awa guda, ko guda-guda suna faɗowa, ko jiri, ki ɗaga murya. Kuma ki daure ki cika awa 24 a asibitin ko da 'yan barka sun cika gida.

Toh ga jariri ya zo. A goge shi a ɗora miki shi a ƙirji fata da fata a lulluɓe ku tare, a sa masa hula, kuma cikin awar farko ki bashi nono. Nasan nan ma kunyar ɗan fari zata taso, ki kawar da kai in kina so amma ki bashi. Wanka a bari sai ya kwana, awa 24, farin maiƙon da ya fito dashi ba datti bane yana kare masa fata, kuma jariri sanyi yake kamawa da wuri ko a watan Afrilu. Ba wani warin da zai bishi har girma don ba'a dirje shi ranar farko ba, wannan zance ne kawai.

Dakashi, ruwan nonon farko mai kauri rawaya, shi ake cewa a matse a zubar wai bashi da kyau, har a dinga ba yaro ruwan sukari ko madarar gwangwani kafin nono ya "wanku". Wallahi duk abinda zaki bashi a rayuwarsa ba kamar wannan, rigakafinsa na farko kenan, kuma shi yake tura baƙin kashin nan mai danƙo ya fita. Kaɗan ne, eh, amma cikin jariri a ranar farko bai fi 'yar kurna ba, cokalin shayi guda ya cika shi. Nono sosai sai kwana na uku ko na huɗu yake sauka, kuma tsotso ne yake kawo shi, yawan sa shi yawan zuwansa. Ki bashi duk sanda ya nema, dare da rana, sau 8 zuwa 12 a kwana. In kan nono yana miki ciwo yana tsagewa to kamun ne ba daidai ba, kar ya kama kan kawai, ki bari ya wage baki sosai ya haɗa da baƙin da ke kewaye, haɓarsa ta taɓa nonon, cikinsa na manne da naki.

Ruwa kuma, nan ne za'a fi yi miki taron dangi, za'a ce ke baki da imani, a wannan zafin ki hana ɗa ruwa. Amsar ita ce nonon kansa kusan kashi 88 cikin ɗari ruwa ne, wanda yake fara fitowa tsinkakke ne don ƙishirwa, na baya mai kauri don yunwa. Ruwan da za'a bashi yana cike ɗan cikin nan ya rage tsotso, nono ya ja baya, ga kuma gudawa in ruwan ko cokalin ba tsabta. Ke zaki sha ruwan, ki sha da yawa. Yadda zaki gamsar da Inna shine ki nuna mata fitsarinsa, daga kwana na biyar in yana jiƙa nafkin sau shida ko fiye a kwana kuma fitsarin ba ja bane, to ba ƙishirwa a tare dashi. Ɗan raguwar nauyi a satin farko ba komai, zuwa sati biyu ya mayar. Dabinon da ake tauna a shafa masa a dasashi don sunna, shafawa ce ba ciyarwa ba, ba ruwana da ita in da tsabta, amma zuma kar a bashi sai ya shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri baya iya kashewa.

Cibiya. Na ga abubuwa a cibiyar jarirai da ban san ta ina zan fara ba, man goge baki, toka, gishiri, man zafi, bakin mai na inji, da gashi da tsumma ko kasko mai zafi har fatar cikin ta tashi. Wani jariri da aka kawo mana ɗan kwana takwas, washegarin suna kenan lallen uwar ko dushewa bai yi ba, bakinsa ya kulle ya kasa kama nono, da an taɓa shi ko an buɗe ƙofa da ƙarfi sai ya sandare ya lanƙwashe baya. Tetanus ce ta shiga ta cibiya. Abinda ake sawa yanzu man kulohekzidin ne na cibiya, ɗan ƙaramin bututu, ana bayarwa a asibiti kuma akwai a kemis ba tsada, ki wanke hannu ki shafa sau ɗaya a rana har kwana bakwai, ki naɗe nafkin ƙasa da ita ta sha iska, kuma ki kiyaye kar ya kusanci ido. Zata faɗi da kanta, wata kwana biyar wata har sati biyu, ba dole sai kafin suna ba. In gindinta yayi ja, ko tana wari ko ruwa, asibiti.

Sai ciwon shawara. Kullum da safe ki fito dashi bakin ƙofa inda haske yake, ba cikin ɗaki mai labule da shuɗin ƙwan lantarki ba, ki danna goshinsa ko kan hancinsa da yatsa ki saki, ki duba farin idonsa da dasashi. In kika ga rawaya a ranar farko, ko ta sauko har ciki da cinya, balle tafin hannu da na ƙafa, ko yaro ya cika bacci baya son tsotso, kar a tsaya shanya shi a rana ko jiƙa masa saiwa. Akwai fitila ta musamman da ake kwantar dasu a ƙarƙashinta, in aka makara kuwa tana hawa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma ko wuyansa baya tsayawa. Kuma wani abu da mutane basu sani ba, kafur ɗin nan da ake zubawa cikin akwatin kayan jarirai don ƙamshi da kyankyaso, akwai yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da aka haifa da wani rauni a jini wanda kafur yake farfasa musu ƙwayoyin jinin ya jawo shawara mai tsanani. In kayan da kika haɗa da kafur a ciki, ki fitar ki wanke su tas ki shanya tun yanzu. Man zafi mai mantol shima haka, kuma kar a sa wa jariri lalle. Kwalli kuma akwai dalma a cikin irin na dutsen nan, idonsa baya buƙata.

Ranar da wanzami zai zo, aski dai a yi, da sabuwar reza. Amma cire beli ban yarda ba ko kaɗan, kowane ɗan Adam da belinsa aka halicce shi, baya hana tsotso baya sa amai, kuma mun karɓi yaran da jini ya ƙi tsayawa ko suka shaƙe shi. In mace ce kar a taɓa mata gaba da sunan cire angurya ko wani abu, doka ma ta hana tun 2015. Nonon jariri in ya kumbura, mace ko namiji, kar a matse, daga jikinki ya samo kuma zai sace da kansa, matsewar ce take sa ya yi ƙurji. Haka ɗan jinin da zaki iya gani a nafkin ɗin 'ya mace a satin farko. Wannan ma aikin maigida ne, shi zai faɗa wa wanzami iyakarsa kafin ya buɗe zabira, don ke a ranar ba mai jin muryarki.

Abubuwan da in kin gansu ba'a jiran gari ya waye: ya ƙi kama nono, jikinsa yayi zafi ko yayi sanyi ƙalau, numfashi da sauri har sau 60 a minti ko haƙarƙari yana lomawa ciki, jijjiga ko da ta ɗan motsin baki da ƙifta ido ce, ko ya saki jiki baya motsi sai an taɓa shi. Jariri ba'a saya masa magani a kemis.

Na bar itace da kanwar uwar mijinki a ƙarshe don nan ne zan fi sassautawa. Jego abu ne mai kyau, kwana arba'in ana dafa miki ana miki wanki ana karɓar miki ɗa ki runtsa, matan Turai da kuɗi suke neman irin wannan basu samu ba. Ki ci ƙaurinki, ki sha kunun gyaɗa da na tsamiya, ki ci nama da ganye da ƙwai. Wanka ma kiyi, da ganyen darbejiyar da komai, amma a surka, in gwiwar hannunki bata iya zama a cikin ruwan ba to yayi zafi, mun sha jinyar masu jego da suka sale a baya da cinya, wasu kuma suka faɗi a banɗaki saboda jiri. In an miki ɗinki ki zauna cikin ruwan ɗumi mai tsabta, ba tafasasshe ba. In aiki aka miki a bar fyaɗa ganye da danna ciki sai ciwon ya warke.

Kanwa ce dai nake ja da ita. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu take kasawa, suna zuwa da kumburi da haki, kuma suka danganta abin da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi daga baya a Kano, irin na Farfesa Kamilu Karaye na asibitin Malam Aminu Kano, ya nuna akwai wasu dalilan, kamar hawan jini da ƙarancin wani sinadari a abinci, ba al'adar kaɗai ba. Amma ita kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana ɗaga hawan jini, zuciyar da ta gama ɗaukar nauyin wata tara bata buƙatar ƙarin kaya, kuma bata ƙara ruwan nono. In an taɓa ce miki jininki ya hau ko sau ɗaya ne, ko kurɓa kar kiyi, kice likita ya hana, ki ɗora mana laifin mun saba. In kuma lafiyarki ƙalau kuma kin ga rigima zata tashi, a sa 'yar kaɗan don ɗanɗano, ba irin wanda ake damawa har yayi kore yana ɗaci ba. Duk mai jegon da ta ga ƙafarta tana kumbura, tana haki in ta ɗan yi tafiya, bata iya kwanciya sai ta jingina da filo, ko tari cikin dare, ko da wata uku ne bayan haihuwa, taje a duba zuciyarta, ba sanyi bane ya shige ta, kuma ƙara zafin ruwa ƙara mata ciwo ne. Zazzaɓi, jinin biƙi mai wari, ko ciwon kai mai tsanani suma haka, don jijjiga tana iya zuwa bayan an haihu.

Wajen kwana na uku zuwa na biyar kina iya tsintar kanki kina kuka ba dalili, ga nono ya cika yana zogi ga rashin bacci ga mutane cike da ɗaki kowa da tasa shawarar. Yana faruwa da mata da yawa kuma yana wucewa cikin sati biyu. In ya wuce haka, kina jin bakya son ganin yaron, ko bakya bacci ko da shi yana bacci, ko wasu tunani suna zuwa miki masu ban tsoro, ki faɗa wa wani ku zo asibiti, ciwo ne da yake da magani, a yi addu'a a kuma haɗa da maganin.

Kafin a sallame ku ki tabbatar an masa rigakafin farko, allurar BCG a kafaɗa, ɗigon shan inna a baki, da ta ciwon hanta wadda aka fi so a yi cikin awa 24. Wajen BCG ɗin zai yi ɗan ƙurji bayan 'yan makonni ya fashe ya bar tabo, haka ake so, kar a shafa masa komai. Na gaba sai sati 6, da 10, da 14, sannan wata 9. Ke ma akwai naki dubawar, kwana na uku, da cikin sati na biyu, da sati na shida, kuma a wannan zuwan na ƙarshe kiyi maganar tazara tun kafin ki koma ɗakinki, don shayarwa bata hana ciki in yaro ya fara shan wani abu ko al'ada ta dawo, na sha ganin mai goyon wata huɗu ta dawo awo tana kuka. Katin rigakafin ki sa shi a leda ki ajiye inda kike ajiye sarƙarki.

Ki gaida Inna, kice ungozomar asibiti tace in ranar ta zo ita muke so ta rako ki, ta taho da zannuwa uku tsofaffi masu tsabta da fulas ɗin shayi.